Yazi Dogo da matsalar tarihin wasan da ba a rubuta ba

Idan muka ce Yazi Dogo mawallafin wasan kwaikwayo ne, wajibi ne mu fayyace nufinmu. Malamin makaranta ne da ya yi suna a Damagaram tare da ƙungiyar ƴan wasa ta gidan rediyon gwamnati, ORTN. Wasanninsu na Hausa ba a teburin rubutu suka samo asali ba. Akan daidaita kan jigo, a tsara fitowa-fitowa, sannan kowane ɗan wasa ya ƙago maganarsa wajen gwaji. Irin wannan aiki ne Janet Beik ta nazarta cikin littafinta na 1987 game da teyatur na Hausa a Nijar.

Teyatur ɗin ya bunƙasa ne zamanin Seyni Kunce (1974-1987), lokacin da hukuma ta rayar da samariya, ta kuma mai da dandali hanyar isar da saƙonta ga talakawa. Tambayarmu ita ce: ina saƙon hukuma ya tsaya, ina zambon ɗan wasa ya fara? Amsar tana cikin murya, da habaici, da dariyar ƴan kallo; takarda ba ta riƙe ko ɗaya.

Saboda haka tushen wannan tarihi shi ne faya-fayan rediyo da talabijin, da bakin waɗanda suka yi wasan. Kaset yana lalacewa, dattawa suna ƙarewa. Muna ganin juyar da faya-fayan nan da rubuce abin da ke cikinsu shi ne aikin farko da ke kan sashenmu.