Magarya

Magarya ƙaramar bishiya ce mai ƙaya, 'yar'uwar kurna. Masana tsirrai na kiranta Ziziphus mauritiana. Ƙayoyinta bibbiyu ne a gindin ganye, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya, wadda ke kama rigar mai tsinka. Ganyen kore ne mai sheƙi, bayansa fari-fari, da manyan jijiyoyi uku.

Tana son rana. Saiwarta na nutsawa can ƙasa, shi ya sa fari bai cika kashe ta ba. Tana da yawa a ƙasashen Katsina, Sakkwato da Maraɗi, kuma akwai ta a dazukan Zazzau. 'Ya'yanta kan nuna da hunturu, a kawo su kasuwar Tudun Wada a Zariya. Da ganyenta ake wankan gawa.