Ƙafar Karen Farauta a Ƙasar Yawuri

Tun zamanin da Birnin Yawuri yake mazaunin sarauta, kafin a koma Yelwa a bakin Kwara, mutanen wannan ƙasa, Gungawan tsibirai da Kambarin tudu da Shangawa da Hausawan da suka zauna tare da su, sun san cewa idan kaka ta wuce, aka kai amfanin gona rumbu, ciyawa ta bushe, to lokacin mafarauta ya yi, za su fita da kere da gora da karnuka, neman zomo da gafiya da gada. Kare kuwa, kome kyan hancinsa, ƙafarsa ce jarinsa. Ranar da ya fara ɗingishi, ranar maigidansa zai komo da buhu wayam.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya ba su ƙuntata wa mafarauci ba. A wurinsu kare mai rai tsarkakakke ne, wanke ƙwaryar da ya sa wa baki har sau bakwai kuwa ta'abbudi ne, ba don najasa ba; kuma Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda kowane almajiri yake bi ta kanta, ta halatta riƙonsa domin gona da kiwo da farautar neman abinci, ban da ta wasa. Wanda shari'a ta yarje masa ya riƙe dabba, lalle ta ɗora masa hakkin ci da sha da jinyarta, kuma a ganina nan ne asalin kulawar da tsofaffin mafarauta suke yi.

Akwai wata cuta da damina take kawowa, wadda kare zai duƙufa yana lasar tsakanin yatsunsa dare da rana, fatar wurin ta yi ja ta yi maiƙo, gashin ya rine ya koma ruwan tsatsa, wani wari mai tsami kuma ya riƙa tashi. Mafarauci bai rasa abin da zai kwatanta ta da shi ba, gama shi kansa, da manomin shinkafa, da Basarken da yake yini cikin ruwa, sun san cin ruwa a ƙafafunsu, sun kuma san lalle da jiƙon bagaruwa, wadda majema suke jima da ita saboda yadda take ɗaure fata. Abin da ya fi kowane magani a hannunsu shi ne a raba ƙafar da laima: a cire ƙaya da ƙarangiya da kaska, a wanke, a share sarai, a kwantar da karen a busasshen wuri.

Da Turawa suka zo, shanu suka damu da su, domin a nan jangali yake. An fara aikin likitan dabbobi a Zariya, daga baya a 1924 aka kafa ɗakin bincike a Vom saboda bushiya, annobar da ta taɓa share garken Fulani. Kare bai shiga lissafi ba sai ta fuskar haukansa, wanda yake kashe mutum, saboda haka jinyar daginsa ta ci gaba da zama a hannun mai shi. A ƙasashen Turai kuwa masu madubin likita sun riga sun hango mai laifin cutar nan ta tsakanin yatsu, wata ƙwaya dangin yis ɗin burodi, wadda aka sa wa suna Malassezia don tunawa da Malassez, likitan Faransa. Irin da yake damun kare, abin mamaki, a fatar karkanda aka fara bayyana shi a 1925. Ƙwayar nan ba baƙuwa ba ce, tana zaune a fatar lafiyayyen kare, sai ta sami ɗumi da danshi, ko wani ƙaiƙayi ya riga ya raunana fatar, sa'an nan ta yaɗu.

A 1968 aka gama madatsar Kainji, ruwa ya haɗiye tsibirin Foge da tsohuwar Busa, aka tayar da mutane wajen 44,000 zuwa sababbin matsugunai. A 1979 kuma aka haɗe dazuzzukan Borgu da Zugurma suka zama gandun gwamnati guda wanda aka hana farauta a cikinsa. Dajin mafarauci ya ƙuntata, karnuka da yawa suka koma gadin gonakin albasa da shinkafa a gaɓar tafkin madatsar, inda ruwa yake hawa yana janyewa yana barin taɓo wata da watanni, wato daidai inda cutar take so.

Yau malamin dabbobi yakan ba da ruwan wanki mai chlorhexidine da miconazole, ya ce a bar shi a kan fatar kamar minti 10 kafin a ɗauraye, a maimaita sau biyu a mako har ta warke, idan kuma ta ƙi sai a nemi abin da yake tayar da ita. Bayan ɗaurayar, yakan ƙara da cewa a bi tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya da busasshen tsumma, kada kuma a bar karen ya koma fadama a ranar.