Daga Yawunde zuwa Marwa: Yadda Arewacin Kamaru Ya Samu Masu Ba Ɗalibai Shawara

A shekara ta huɗu ta sakandare, ajin da ake kira turwaziyem, ɗalibin Garwa yakan iso mararraba. Jarrabawar BEPC na gabansa, kuma kafin ya shiga aji na gaba sai an san inda ya dosa: sashen A na adabi da harsuna, ko sashen C na lissafi da kimiyya, ko makarantar koyon sana'a. Yaro ne mai shekara goma sha biyar ko sha shida, amma abin da aka rubuta masa a wannan zango yakan bi shi har furfura. Akwai ma'aikaci guda a lise, wato makarantar sakandare, wanda aka ɗauka don ya zauna da shi kafin a yi wannan rubutu. Ɗalibai na ce masa konseye. A yau ba abin mamaki ba ne ka tarar konseyen ɗan Gidar ne, ko 'yar Yagwa, ko haifaffen Fulɓere a cikin Garwa. Shekaru arba'in da suka wuce, da ƙyar ake samun haka.

Kafin boko, ba a rasa mai nuna wa yaro hanya ba. Uba ne, da malamin allo, da ubangidan da aka damƙa masa yaro ya koyi fatauci ko jima ko ɗinki. A unguwar Hausare ɗan mahauci ya san rumfar da zai gada tun bai iya riƙe wuƙa ba. Jamusawa suka kama Garwa a 1901, suka buɗe makaranta bayan 'yan shekaru, Faransawa suka gaje su bayan yaƙin duniya na farko. Abin da makarantar nan ke nema ƙalilan ne: tafinta, da malamin ofis, da ɗan sarkin da zai ji maganar kwamanda. Ahmadu Ahijo, wanda aka haifa a Garwa a 1924, ta nan ya bi. Ya yi firamare a garinsu, ya wuce babbar firamare ta Yawunde, ya fito ma'aikacin gidan waya mai aika saƙo ta rediyo. Hanyar a shate take tun kafin yaro ya taka ta, don haka babu gurbin mai ba da shawara.

A wasu ƙasashe kuwa sana'ar ta riga ta kafu. Frank Parsons ya buɗe ofishin nuna wa matasa sana'a a Boston ta Amurka a 1908. Faransa ta kafa cibiyar horar da masu wannan aiki a Faris a 1928. A Najeriya akan fara labarin daga 1959, lokacin da wasu sistoci na kwalejin Santa Tereza a Ibadan suka gayyato ma'aikata su yi wa 'yan matan da za su kammala bayanin ayyuka. Kamaru ta ɗauko salon Faransa, wanda ya fi ba da ƙarfi ga gwajin basira da rarraba ɗalibai gwargwadon ma'aikatan da ƙasa ke buƙata. Bayan 'yancin kai a 1960 aikin ya zauna a ofisoshin ma'aikatar ilimi a Yawunde, kusa da masu tsara ƙasa da masu raba tallafin karatu. Sai a 1982 babbar makarantar horar da malamai ta Yawunde, ENS, ta buɗe sashen da ke yaye masu ba da shawara a cikin gida.

A takarda wannan ƙofa a buɗe take ga kowane ɗan ƙasa. Amma mu duba abin da ake nema daga ɗan Arewa kafin ya kai bakinta. Ba a shiga sashen sai da lisans, wato digirin farko, kuma har zuwa 1993 cikakkiyar jami'a ɗaya ce a duk Kamaru, ta Yawunde. Sai yaro ya tsallake BEPC, ya tsallake jarrabawar furobatuwar, ya ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a yankin da yawancin sa'anninsa ba su gama firamare ba. Sannan ya hau mota daga Garwa, ya haura tsaunin Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa, ya yi shekara uku a garin da ba shi da kawu ko gwaggo, sannan ya zauna konkur, wato jarrabawar neman gurbi, da 'ya'yan Kudu waɗanda kakanninsu ma sun yi makarantar mishan. Ƙalilan da suka kai nan, yawanci aikin mulki ko kwastan ko likita suka nufa, kuma ba na ganin laifinsu, domin gida na jiran su da nauyi.

Sakamakon haka, konseyen farko da suka iso lisen Arewa baƙi ne. Sun zo da takarda mai kyau da Faransanci mai daɗi, amma ba su jin Fulatanci, harshen kasuwa da tasha daga Ngaundere har Marwa, balle Hausa ko Tupuri ko Mafa ko Larabcin Shuwa. Malamin lissafi zai iya koyarwa da alli da Faransanci ya tashi lafiya. Mai ba da shawara kuwa rabin aikinsa da iyaye ne, kuma uwar da ta zo maganar 'yarta ba za ta buɗe cikinta ta bakin tafinta ba, musamman idan tafintan ɗalibi ne ɗan unguwarsu. Wasu daga cikin baƙin nan sun zauna, sun koyi harshe, sun yi aure a nan, kuma tsofaffin ɗalibansu na ambaton su da alheri. Da yawa kuma tun ranar da suka sauka suke neman a mayar da su Kudu. Da gwamnati ta zabtare albashin ma'aikata har sau biyu a 1993, aka kuma karya darajar sefa a Janairun 1994, zaman nesa da gida ya ƙara ɗaci.

Dokoki sun biyo baya a jere. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilun 1998 ta tanadi cewa a riƙa yi wa yaro jagora da kula da halin zuciyarsa a kowane mataki na karatu. Dokar shugaban ƙasa ta Disambar 2000 ta ba masu ba da shawara matsayinsu na daban cikin ma'aikatan ilimi, wata ta Fabrairun 2001 ta sa ofishinsu cikin tsarin makarantun gwamnati. A 2004 aka raba ma'aikatar ilimi, sakandare ta samu tata, kuma a 2009 ta fitar da kundin da ya fayyace aikin konseye. Kowane Oktoba ana ware rana guda ta jagorancin ɗalibai a faɗin ƙasa. Duk wannan ya ba sana'ar suna da gurbi, amma doka ba ta haifar da mutumin da zai zauna a kujerar.

Abin da ya juya al'amarin shi ne Jami'ar Marwa, wadda aka kafa ranar 9 ga Agustan 2008, ta kuma fara da makarantar horar da malamai. Konkur ɗinta na farko ya tayar da ƙura. An tsara ɗaukar mutum wajen 2,000, sai 'yan majalisa da manyan lardunan Arewa uku suka tashi tsaye, suka ce makarantar da aka gina don cike giɓin malamai a yankinsu ba za ta cika da waɗanda za su karɓi takarda su koma Kudu ba. Aka kai ruwa rana, daga ƙarshe shugaba Paul Biya ya ba da umarnin faɗaɗa jerin, aka ɗauki fiye da 7,000. Jaridun Yawunde da Duwala sun yi ta suka, suna cewa an sayar da cancanta don siyasa. Makarantar ma ba ta da gine-ginenta a lokacin, sai aron azuzuwa a cikin gari, ɗalibai a cunkushe cikin zafin Marwa, ƙarƙashin shugabancin masanin tarihi Saibu Isa.

Sukar tana da ƙamshin gaskiya, domin ba a horar da dubbai a ɗakin aro a ce kowa ya ƙoshi. Duk da haka ina ganin abin da aka yi ya fi barinsa. Cancantar da ake aunawa da rubutun Faransanci kaɗai ba ta auna ko mutum zai iya zama a zauren wani Alhaji ya shawo kansa ya bar 'yarsa ta kai bak. Daga Garwa zuwa Marwa tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota. Matar aure mai lisans, wadda ba za a taɓa barinta ta tafi Yawunde shekara biyu ba, ta samu inda za ta je ta dawo hutu. Cikin 'yan shekaru aka fara ganin konseye mata 'yan yankin a lisen Garwa da Gidar da Figil, kuma duk wanda ya san kunyar 'yan matanmu ya san abin da wannan ke nufi.

Hanyar samun takardar ba ta da sarƙaƙiya a faɗe. Mai lisans, ko na shari'a ne ko na nazarin zamantakewa ko na halayyar ɗan Adam ko wani fannin, yakan zauna konkur na zagaye na biyu na ENS. Idan ya ci, sai ya yi shekara biyu a sashen kimiyyar tarbiyya. Yana karanta yadda hankalin yaro ke girma, da dabarun ganawa da mutum shi kaɗai, da gwaje-gwajen auna basira, da ƙididdiga, da tsarin makarantu da kasuwar aiki. A shekara ta biyu akan tura shi wata lise ya yi aiki ƙarƙashin tsohon hannu, sannan ya rubuta kundin bincike ya kare shi gaban malamai. Takardar da yake fita da ita ita ce DIPCO, kuma da ita ake neman shiga babban rukunin ma'aikatan gwamnati, daidai da malamin lise.

Inda takardar ke gwada ƙarfinta shi ne ƙarshen zango na uku. Malamai na zaune da takardun sakamako, kowane darasi an ba shi maki bisa 20. Ga yarinya mai 14 a lissafi da 15 a kimiyya, konseye ya rubuta mata sashen C. Kashegari sai ga mahaifinta a ofis, ofishin da sau da yawa ɗan lungu ne da aka yanka daga wani ɗaki, tebur ɗaya da kujera biyu da kabad mai cike da fayil.

"Malam, na gode da ƙoƙarinku, amma karatun nan ya isa haka. An kawo gaisuwarta."

"Baba, Allah ya sanya alheri. Ba ni da ta cewa a kan abin da kuka yanke. Sai dai ina roƙon arziki, a bar ta shekara uku. In ta ci bak, makarantar likitoci tana nan cikin Garwa, ba sai ta bar gabanku ba. Matanmu na zuwa asibiti suna neman mace ta duba su, ba su samu."

Babu gwajin basirar da aka tsara a Faris da zai koya wa mutum ya fara da "Allah ya sanya alheri" kafin ya kawo roƙonsa. Wani uban yakan amince, wani yakan ce sai ya yi shawara da 'yan'uwansa, wani kuma ba a sake ganin 'yarsa bayan hutu. Haka ma yaron da ke son sashen C don ana cewa nan ne na masu ƙwaƙwalwa, alhali hannunsa na gyaran inji ne. Sai konseye ya san abin da ke akwai a ƙasa: Sodecoton mai harkar auduga, wadda aka kafa a 1974 kuma hedikwatarta ke Garwa, da madatsar Lagdo, da makarantar kula da namun daji da ke garin tun 1970, da lisen fasaha. Raina makarantar sana'a cuta ce da ta daɗe a zukatan iyaye da malamai, kuma ta jefa yara da yawa cikin bak ɗin da ba ya kai su ko'ina.

Daga 2014 aikin ya ɗauki wani nauyi da masu tsara manhajar 1982 ba su hango ba. Hare-haren Boko Haram sun rufe makarantu a kan iyaka, wajen Fotokol da Kolofata da Amcide, yara suka kwararo Mora da Mokolo da Marwa, wasu har Garwa. Yaron da ya ga an kashe mahaifinsa ba ya buƙatar a tambaye shi A yake so ko C. Ga ƙwayar taramol da ta shiga cikin samari. Ga tashin hankali a azuzuwa, wanda ya girgiza ƙasa a Janairun 2020 da wani ɗalibi ya daɓa wa malaminsa na lissafi wuƙa har lahira a wata lise ta Yawunde. A Afrilun 2022 ministar sakandare Nalova Lyonga ta fitar da umarnin cewa ɗalibar da ta samu ciki ba za a kore ta ba, ta ci gaba da karatu ta kuma dawo bayan haihuwa. Duk waɗannan a teburin konseye suke sauka, shi kuwa sau da yawa shi kaɗai ne, ko su biyu, a makarantar da ke da ɗalibai dubbai. Wasu shugabannin makarantu ma, da yake ba su gan shi da alli kullum ba, sai su mayar da shi mai gadin jarrabawa ko mai cike gurbin malamin da bai zo ba.

Shekarar 2022 ta zo da abubuwa masu karo da juna. A Janairu aka kafa Jami'ar Garwa, da tsangayar ilimin tarbiyya a cikinta, ta yadda ɗan garin zai iya yin lisans yana kwana gidan ubansa. A Fabrairu malaman sakandare suka shiga yajin aikin da aka sani da OTS, kan bashin albashi da jinkirin ba da lambar aiki, kuma mutuwar wani malami a Beka ta Faro, wanda ya shafe kimanin shekara goma yana koyarwa ba albashi, ta zama abin da kowa ke ambato. Bayan haka gwamnati ta sanar da raba horo da ɗaukar aiki: wanda ya gama ENS ba zai ƙara wucewa kai tsaye cikin ma'aikatan gwamnati ba, sai ya sake neman gurbi. Ga ɗan mai hali wannan jinkiri ne kawai. Ga ɗan manomin auduga na Pitowa, wanda aka sayar da buhunan masara aka biya masa kuɗin konkur saboda an san akwai albashi a ƙarshe, lissafin ya canza gaba ɗaya, kuma ina tsoron kujerun da Marwa ta fara cikewa su sake zama fanko a lisen ƙauye.

Akwai kuma alkawarin dokar 1998 da har yanzu bai sauka ƙasa ba. Ta ce kowane mataki, amma konseye a sakandare yake, alhali a Arewa yawancin yaran da karatu ke suɓuce wa tun a firamare suke tafiya, tsakanin aji huɗu da aji shida, lokacin da ake buƙatar yaro a kiwo ko yarinya a talla, ko a gano ba shi da takardar haihuwar da zai zauna jarrabawar CEP ta kammala firamare da ita. Waɗannan ba su taɓa ganin ƙofar ofishin konseye ba. Idan Marwa da Garwa za su ci gaba da yaye masu DIPCO, to a tura wasunsu makarantun firamare na Lagdo da Poli da Cholire, a kuma sa Fulatanci da sauran harsunan yankin cikin abin da ake gwada su a kai kafin a miƙa musu takardar.