Zabirar Wanzami: Tarihin da Muke Sayar wa 'Yan Gwangwan

Duk inda Bahaushe ya kafa zango, akwai mutum uku da ba sa daɗewa ba su iso ba: liman, mahauci da wanzami. Liman ya raɗa suna, mahauci ya feɗe rago, wanzami ya aske kan jariri ranar bakwai. Haka abin yake tun daga zangon Kumasi har Sabon Ibadan, haka kuma ya kasance a nan Masaka. A ƙasar Gana ma, har yau "wanzam" suke kiran mai yi wa yara kaciya, kalmar da wanzaman zango suka bar musu.

Wanzanci sana'ar gado ce, kuma tana da sarautarta, wato Sarkin Aska. Aikin wanzami ya wuce aski da gyaran fuska. Shi ke yin ƙaho, shi ke kaciya, shi ke cire belu, shi ke tsagar gado wadda a da ake gane asalin mutum da ita. Kowane gida da wanzaminsa, yana da kasonsa a naman suna, da kaka kuma a ba shi hatsi. Kayan aikinsa duka suna cikin zabira, jakar fata mai aljihuna da dukawa ke ɗinkawa: asake manya da ƙanana, 'yar tsaga, ƙaho, almakashi, dutsen washi da fatar da ake goga aska a kai. Maƙeri ne ke ƙera askar, da farko da ƙarfen tama, daga baya da tsofaffin ƙarafan mota. Ruwa ne kawai a ƙoƙo, wani lokaci da ɗan sabulun salo, a jiƙa kai a murza, sai aska ta bi ta share tas.

To, yaya aka yi wannan aska ta ja baya? Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kayan Turai suka yawaita a kantuna, ciki har da aska mai naɗewa irin wadda ake ƙerawa a Sheffield ta Ingila da Solingen ta Jamus. Wannan ba ta girgiza wanzami ba, don ita ma sai an wasa ta, sai kuma gwani ya riƙe. Wadda ta yi ɓarna ita ce reza. Wani Ba'amurke, King Camp Gillette, ya fara sayar da reza mai baki biyu a 1903, wadda ake yi da ita a yar. Da ta bazu a duniya, sai kowa ya iya gyara gemunsa a ɗakinsa. Bayanta injin aski na lantarki ya zo, samari suka koma shagon aski mai madubi da janareto.

Sai kuma maganar lafiya. A 1986 aka ba da sanarwar samun cutar ƙanjamau a Nijeriya karo na farko, likitoci suka yi ta jan kunne cewa aska ɗaya a kan mutum goma tana iya ɗaukar cuta daga jini zuwa jini, musamman ciwon hanta. Gaskiya suka faɗa, kuma wanzamai da yawa sun karɓa, suka koma sa sabuwar reza ga kowane mutum. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga, kaciya kuma ta fara komawa asibiti. Kun ga ke nan rabin abin da ke cikin zabira ya rasa aiki.

A daidai wannan zamani ne unguwarmu ta cika. An yanke shawarar gina Abuja a 1976, gwamnati ta tare a watan Disamba na 1991, rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 kuma ya koro dubban mutane zuwa Mararaba da Masaka da sauran garuruwan kan hanyar Keffi, inda muka tarar da Gbagyi masu ƙasa. Iyayenmu sun zo daga Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, wasu da zabirar kakanninsu a cikin kaya. Yau mai zabirar ya tsufa ko ya rasu, 'ya'yansa suna acaba ko tireda, asaken sun yi tsatsa a ƙarƙashin gado. Ranar da aka yi sharar ɗaki sai a miƙa wa ɗan gwangwan, ya ɗora a sikeli da murfin tukunya, ya ba da abin da bai kai kuɗin biredi ba. A Turai da Amurka kuwa, akwai masu bin kasuwannin tsofaffin kaya suna neman askar Sheffield, su gyara ta su adana. Mu da muke da ta maƙeranmu, wadda babu kamfanin da zai sake yin irinta, mu ne muke zubarwa.

Gyaran ba wuya gare shi ba. A jiƙa ƙarfen da kananzir ya kwana, a goge tsatsar a hankali da toka da lemon tsami ko takardar goge ƙarfe mai laushi, a wanke a shanya ya bushe sarai, sannan a shafa man keken ɗinki. Kada a kai ta injin washi na masu wuƙaƙe, yana cinye baki ya ƙona ƙarfen. In ana son ta yi kaifi, a nemi tsohon wanzami ya wasa ta a dutse ya goga a fata. Zabira kuma a shafa mata man kaɗe, a ajiye inda ba danshi. Wanda ke sha'awar gwada askin gargajiya ya gwada, amma fa askarsa ta zama tasa shi kaɗai, ba aro ba bayarwa.

Abin da ya fi gyaran ƙarfe muhimmanci shi ne tambaya. Tsofaffin wanzamai suna nan da rai, muna gaisawa da su a bakin masallaci da kasuwa. A zauna da su a rubuta: askar wa ce, wane maƙeri ya ƙera ta, a wane gari, ta wace hanya ta iso Masaka, 'ya'yan waɗanne gidaje ta aske ranar suna. A sa takardar cikin zabira. Aski ya zo gaban goshi, don waɗanda suka san amsoshin nan ba su da yawa kuma.