Rabon Gado Tsakanin 'Yan'uwa: Darasi Daga Ƙofar Mata

Duk wanda ya shiga marinar Ƙofar Mata a birnin Kano zai ga rijiyoyin rini jere, waɗanda ake cewa an fara haƙa su tun shekarar 1498. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga rini da saƙa su ne ƙashin bayan arzikin birnin. Rijiyoyin nan gado ne, ɗa yana karɓa daga uba. Amma rijiya ba ta rabuwa gida uku, haka ma zaure da soro. To, yaya Kanawa suka yi da dukiyar da ba ta yankuwa alhali magada suna da yawa?

Alƙalan birni sun bi mazhabar Malikiyya. Da farko a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyya muddin ba ta wuce sulusin dukiya ba. Matar mamaci tana samun tumuni idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu. Ɗa namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. A da, idan alƙali ya raba gado akan cire ushira, wato kashi ɗaya cikin goma. Game da gida kuwa, akan yi masa kuɗi, wanda yake da hali a cikin magada ya fanshi rabon sauran. Akwai kuma haƙƙin shufu'a: idan ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare tun ba a raba ba, 'yan'uwansa suna da ikon biyan kuɗin su karɓe. A ƙauye kuma 'yan'uwa maza sukan ci gaba da noma gandu tare bayan rasuwar uba.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa a hannun Gwamna. Dokar 1962 ta bi sawunta, sannan ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha ga gwamnanta. Saboda haka abin da magada suke gāda a yau shi ne ginin da kuma haƙƙin zama a filin. Ɗan'uwa da ya fanshi gida bai gyara takarda ba, ya bar wa 'ya'yansa rigima.

Abu biyu suka shafe mu kai tsaye. Na farko, a Malikiyya bambancin addini yana hana gado. Mai bi da ya fito daga gidan Musulmi ba ya gadon mahaifinsa, kuma bai kamata mu ɓoye masa wannan ba kafin baftisma. Sai dai shari'ar ba ta hana uba ya yi masa kyauta tun yana da rai ba, in dai ya karɓa ta shiga hannunsa. Inda zumunci bai yanke ba, ƙofa tana nan.

Na biyu ya fi nauyi, domin laifin namu ne. A gidajen masu bi da yawa har yanzu al'ada ce take raba gado, gona ta tafi ga maza, 'ya mace da gwauruwa su tashi hannu wofi. Maƙwabcinmu Musulmi ya yanka wa 'yarsa rabo sananne, mu kuwa mun bar tamu ga tausayin yayyenta. A Indiya, dokar gadon mabiya addinin Hindu ta 1956 sai a 2005 aka gyara ta, 'ya mace ta sami haƙƙi daidai da ɗa namiji a dukiyar kakanni. A nan gida, Kotun Ƙoli a shari'ar Ukeje ta 2014 ta rushe al'adar Ibo mai hana 'ya mace gadon ubanta, domin ta saɓa wa tsarin mulki.

Littafi Mai Tsarki ya riga su. A Littafin Ƙidaya sura 27, 'ya'ya mata biyar na Zelofehad sun kai kuka gaban Musa, Ubangiji kuwa ya ba su gaskiya. A Luka 12, wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Yesu ya ƙi zama alƙalinsu, ya yi gargaɗi a kan kwaɗayi. Mu ma ba alƙalai ba ne, amma makiyaya ne. Aikinmu mu koya wa iyaye su rubuta wasiyya a gaban shaidu tun suna da lafiya, mu sa dattawan ikilisiya su zauna tare da magada, mu tura su ga lauya idan maganar takardar fili ta taso, mu kuma tabbata an kira 'ya'ya mata da gwauruwa wurin zaman.

Tambaya domin tattaunawa: a rabon gado na ƙarshe da aka yi a ikilisiyarku, wa aka kira, wa kuma aka bari a waje?