Wasiƙa da Neman Aiki a Ƙasar Katagum

Tun daga zamanin da Shira take da sarautarta a cikin duwatsunta, tana gogayya da Tashena da Auyo, har zuwa lokacin da Malam Ibrahim Zaki ya karɓo tutar Shehu Usmanu a farkon ƙarni na 19 ya haɗa Shira da Tashena ƙarƙashin mulkin Katagum, mai neman abin yi a wannan ƙasa ba ya isa gaban mai ba da shi shi kaɗai. Wanda ke son shiga barantakar hakimi sai ya nemi ƙofa, watau wani na jikin hakimin da zai shigar da shi ya yi caffa, wanda ke son bin ayarin fatake kuwa sai kawunsa ko malaminsa ya kama hannunsa ya kai shi gaban madugu, ya ce, “Ga ɗanka nan, na san shi, na san gidansu.” Wannan kalma ta ƙarshe ita ce jarin yaron duka, domin wanda ya furta ta ya jingina mutuncinsa, in yaron ya ci amana a ƙofarsa za a yi sallama.

Idan tafiya ta yi nisa har mai shaidar ba zai iya raka mutuminsa ba, sai wasiƙa ta tsaya a madadinsa, kuma a nan ne sana'ar magatakarda ta sami darajarta. Daular Usmaniyya, duk faɗinta, da takarda aka riƙe ta. Wazirin Sakkwato, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ke kula da mu'amalar Sarkin Musulmi da masarautun gabas, Katagum na cikinsu, kuma wasiƙun Larabci da Turawa suka samu a gidan Waziri Buhari a 1903, waɗanda aka buga fassararsu a 1927, sun isa su nuna yawan abin da ke kai da kawowa tsakanin fadoji: naɗi, da ƙara, da neman taimako, da gabatar da baƙo. Ko Baturen nan Kyaftin Klapaton, da ya sauka Katagum a watan Janairun 1824 a zamanin Sarki Ɗankauwa, daga Barno ya fito da takardun Shehu Laminu a hannunsa, alhali kuwa ba da daɗewa ba aka yi yaƙi tsakanin daulolin biyu. Takardar babban malami ta ƙetare iyakar da mashi bai ƙetare ba.

Ya kamata a tsaya a dubi yadda ake gina irin wannan wasiƙa, domin akwai ilmi a cikinta. Magatakarda yakan feƙe alƙalaminsa na gamba, ya dama tawadarsa da ƙaro, ya ɗauko takardar nan mai alamar jinjirin wata uku da fatake ke kawowa ta hanyar Tarabulus, sa'an nan ya fara da basmala da salatin Annabi, ya ambaci daga wane zuwa ga wane, yana bai wa kowa laƙabin da ya dace da matsayinsa ba ƙari ba ragi, ya yi gaisuwa da addu'a, kana ya ce “amma ba'adu”, ya faɗi buƙata a cikin layi uku ko huɗu, ya rufe da sallama, a buga hatimi in na sarki ce. Abin da ya fi ba ni sha'awa a cikin wannan tsari shi ne taƙaitawa. Mutanen da suka karanci nahawu da balaga, waɗanda da sun so da sun cika shafi goma, sun ɗauki tsawaita buƙata a gaban babba a matsayin rashin ladabi, sai su bar sauran bayani a bakin manzo, wanda shi ma zaɓaɓɓe ne saboda hankalinsa da iya bakinsa. Almajiri kuma yana da tasa takardar, ijazar da malaminsa ke ba shi, mai ɗauke da salsalar waɗanda ilmin ya biyo ta hannunsu, ta yadda alƙali ko limamin da ya je wurinsa neman aiki zai san daga wace rijiya ya sha.

Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, suka mai da boko rubutun mulki, sai ƙofar neman aiki ta sauya wuri. An mai da fadar Katagum Azare a 1916, a zamanin Sarki Abdulƙadir, an kuma cire ƙasar daga Lardin Kano an haɗa ta da na Bauci a 1926, kuma a cikin waɗannan shekaru En'e, watau hukumar mulkin sarki, ta zama babbar mai ɗaukar ma'aikata: ma'aji da malaman baitulmali, malamin haraji, malamin jangali, magatakardan hakimi, muhuti a gaban alƙali, malamin asibiti da na gona da na daji. Ɗan Shira ko Disina da ya gama elementare, ya wuce midil a Bauci, ya dawo da takardar shaida, sai ya rubuta takardar neman aiki zuwa ga hukumar En'e. Amma lalle ne a faɗi gaskiya, takardar nan ba ta tafiya ita kaɗai. Hakimin garinsu zai ce wani abu a kanta, kuma a majalisa za a tambayi ɗan wane ne. Akwai zalunci a cikin haka, domin ɗan talaka mai basira sau da yawa yakan rasa wanda zai ambaci sunansa, kuma wannan na cikin abubuwan da 'yan jam'iyyar NEPU suka yi ta kuka a kansu bayan 1950. Duk da haka wanda ya tsaya wa yaro ya san cewa ran da kuɗin haraji suka yi giɓi, shi ma zai sha tambaya.

Waɗanda ba su yi boko ba kuwa sun sami nasu magatakardan a bakin gidan waya da harabar kotu, da ɗan teburinsa da ambulan da kan sarki, daga baya har da tafireta. Mutum ya zauna ya zayyana masa damuwarsa da Hausa, shi kuma ya tace ta, ya zubar da fushin da ke ciki, ya bar buƙatar. Yawancinsu sun gaji tsohon tsari, suna farawa da cewa takarda ta fito daga hannun wane, da gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, sa'an nan “bayan haka”.

Sauyi mafi girma ya zo ne da shirin Sardauna na cike aikin gwamnatin Arewa da 'yan Arewa a shekarun 1950, lokacin da makarantar horar da akawuna ta Zariya ta yi ta yaye ma'aikata, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, tana kai labarin gwamnati ƙauyuka, aka kuma kafa hukumomin ɗaukar ma'aikata waɗanda ke zaunar da mutum su yi masa tambayoyi ba tare da sun san ubansa ba. Abin alfahari ne ga wannan ƙasa cewa ɗanta, Alhaji Sule Katagum, wanda ya zama Wazirin Katagum, shi ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikatan tarayya a Ikko shekaru masu yawa har zuwa 1975, kuma wani ɗanta, Alhaji Aminu Saleh, Wamban Katagum, ya kai ga Sakataren Gwamnatin Tarayya. A ganina wannan zamani shi ne ya fi kusa da adalci, domin ya buɗe wa marar gata ƙofa, alhali bai yar da tazkiyar shugaban makaranta ba, wadda a lokacin ake rubuta ta da tsoron Allah.

Yau, bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya shafe En'e, Yana ta zama hedkwatar Shira, kwalejin ilmi ta Azare da jami'ar Gadau suna yaye ɗalibai kowace shekara, matashi yakan je shagon kwamfuta a cike masa fom a intanet. Mai shagon ya gaji teburin bakin gidan waya, sai dai bai gaji tacewarsa ba: takarda guda ce a ajiye, a canza suna a miƙa wa na gaba, har ka ga wanda ya karanci aikin jinya da wanda ya karanci noma sun yabi kansu da kalmomi iri ɗaya. Wurin da aka ce a sa sunan mai shaida kuwa, sai a rubuta sunan wani babba da lambarsa ba tare da an ko gaishe shi ba, kuma wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin shaida a shari'a abu ne mai nauyi, ba a ɗora wa mutum ita bai sani ba.

A kasuwa ne kawai tsohuwar hanya ba ta yi rauni ba. Attajirin Kantin Kwari a Kano da ke neman yaron shago ba ya karanta fom, dattijo ne daga Yana zai aika masa da saƙon murya ta WhatsApp, ya gaishe shi da iyali da kasuwa, ya faɗi sunan yaron da na mahaifinsa da unguwarsu, ya ce ya yi shekara kaza yana auna hatsi a hannun wane ba a taɓa jin kansu ba, sa'an nan ya ƙara da cewa, “Alhaji, in ya yi maka ba daidai ba, ni za ka nema.” Washegari yaron ya hau motar Kano daga tashar Azare.