Yadda ake zaɓen kamfanin da zai ajiye ƙaramin shafin intanet

Duk wani shafin intanet, komai ƙanƙantarsa, yana zaune ne a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira sabar, wadda ke aiki dare da rana a wani gini na musamman.

Kamfanonin da suka mallaki irin waɗannan kwamfutoci su ne ke bayar da hayar gurbi ga makarantu da ƙungiyoyi da ƙananan 'yan kasuwa masu son a riƙa ganin shafukansu a ko'ina cikin duniya.

Farashi ne kan fara jan hankalin mai neman gurbi. Sai dai abin da ya fi muhimmanci shi ne ko zai iya kwashe kayansa ya koma wani kamfani a ranar da al'amura suka lalace.

Ire-iren haya

Hanya mafi arha ita ce ta haɗaka, inda ɗaruruwan shafuka ke zaune a kwamfuta ɗaya, tamkar gidan haya mai rijiya guda. Idan maƙwabci ya samu cunkoson baƙi, sauran shafukan kan yi nauyi.

Akwai kuma tsarin VPS, inda ake yanka wa mutum kasonsa na ƙarfin kwamfutar, amma yana buƙatar wanda ya san aikin. Mafi tsada shi ne hayar kwamfuta sukutum.

Ga shafin makaranta ko na shago, haɗaka kan wadatar, musamman idan an gina shi da manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke amfani da ita.

Alƙawarin aiki ba tsayawa

Yawancin kamfanoni kan yi alƙawarin cewa shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin 100 na lokaci.

Da yake akwai sa'o'i 8,760 a shekara, wannan na nufin shafin zai iya rufewa na kusan sa'o'i 9. Idan kuwa kashi 99 ne kawai, rufewar za ta iya haura kwana uku da rabi.

Diyyar saɓa wannan alƙawari galibi rangwame ne a kuɗin haya, ba biyan cinikin da aka yi asara ba.

Darasin Strasbourg

A ranar 10 ga watan Maris na 2021, gobara ta tashi a cibiyar adana bayanai ta kamfanin OVHcloud da ke birnin Strasbourg na ƙasar Faransa, ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginenta ƙurmus.

Kamfanin bincike na Netcraft ya ƙiyasta cewa shafuka kimanin miliyan 3.6 ne suka ɗauke a wannan rana.

Wasu masu shafukan sun yi asarar bayanansu har abada, saboda kwafin da suka dogara da shi yana cikin cibiyar da ta ƙone. A 2023 wata kotun kasuwanci a birnin Lille ta umarci kamfanin ya biya diyya ga wasu abokan cinikinsa biyu.

OVHcloud na daga cikin manyan kamfanonin Turai a wannan fanni, abin da ke nuna cewa girman suna ba ya hana tsautsayi.

Don haka kafin a biya kuɗi, ya kamata a tambayi kamfani sau nawa yake ɗaukar kwafin shafi, a ina yake ajiye shi, kuma nawa yake karɓa kafin ya maido da shi. Bugu da ƙari, mai shafi ya riƙa sauke nasa kwafin yana adanawa a wani wuri dabam.

Sunan shafi

Sunan shafi daban ne, gurbin da yake zaune daban, ko da yake kamfani ɗaya kan sayar da su tare.

Hukumar ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998, ita ke tsara dokokin sunaye masu ƙarewa da .com da .org. A Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da .ng, yayin da Nijar ke da .ne, Ghana kuma .gh.

Wajibi ne a tabbatar an yi rajistar sunan da sunan mai shafin ko ƙungiyarsa, ba da na wanda ya gina masa shi ba. Wanda sunan ke hannunsa zai iya sauya kamfani cikin 'yan kwanaki, wanda kuwa ya rasa shi sai ya sake sabon adireshi, ya kuma rasa masu ziyarar da suka saba da tsohon.

Farashin gaskiya

Kamfanoni da dama kan tallata farashi mai rahusa na shekarar farko, sannan kuɗin sabuntawa ya ninka. Farashin shekara ta biyu shi ne abin dubawa.

Haka nan kalmar "mara iyaka" da ake gani a talla tana da iyaka, wadda akan rubuta cikin sharuɗɗan yarjejeniya.

Akwai kuma batun canji. Dalar Amurka da ke kusan naira 460 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura naira 1,400 a farkon 2024, lamarin da ya sa kuɗin hayar masu biya da dala ya ninka sau uku ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba.

Gida ko waje

Gwargwadon kusancin sabar da masu ziyara, gwargwadon saurin buɗewar shafi.

A ranar 14 ga watan Maris na 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka haɗa da WACS da MainOne sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ya janyo tsaiko a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe. A irin wannan hali, shafin da ke zaune cikin ƙasa ya fi sauƙin samuwa ga mutanen gida.

Amma ba kowane kamfanin gida ne ke da sabar a gida ba. Wasu dillalai ne da ke sarin gurbi daga Turai ko Amurka, shi ya sa yake da kyau a tambayi garin da kwamfutar take.

Tsaro da taimako

Tun daga watan Yulin 2018 manhajar Chrome ke gargaɗin masu ziyara cewa shafin da ba shi da https ba amintacce ba ne. Ana samun takardar shaidar tsaron kyauta daga Let's Encrypt, saboda haka babu dalilin da ƙaramin shafi zai biya ƙarin kuɗi a kanta.

Hanya mai sauƙi ta gwada kamfani ita ce a aika masa tambaya da dare ko a ranar hutu, a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya amsa, sannan a fara da biyan wata ɗaya kafin a ɗaure kai da yarjejeniyar shekaru.